Ƙarin Ruwa Ba Abinci Ba Ne

Da kakar 2022 zazzaɓin taifot ya huda hanjin mahaifina, aka ɗauko shi daga ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi, aka yi masa aiki. Aikin ya yi kyau, muka gode wa Allah. Bayan 'yan kwanaki likita ya ce a fara ba shi abinci. Muka riƙa kai masa koko tsararo safe da yamma, gama shi ne muka sani abincin majiyyaci. In ya kurɓa ya ture, sai in dubi ledar ruwan da ke rataye bisa kansa, in ce ai yana ci ta jijiya.

Mako biyu suka wuce, bakin ɗinkin ya ƙi haɗewa. Mutumin da yake ɗaga buhun masara shi kaɗai, ga shi damtsensa ya zama kamar kara. Ran nan wata ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe, ta ce, "Malam, me kuke ba Baba?" Na faɗa mata. Ta ce, "Ruwan nan da kake gani, sukari ne da gishiri kawai. Babu abin da zai gina nama a cikinsa. Jikin Baba kansa yake ci."

Na ji kunya ƙwarai, domin ni nake koya wa yara kashe-kashen abinci a aji. Na koma ga littattafaina, ga kuwa abin da na samu.

Abin da yake gina tsoka, ya haɗe rauni, ya yi yaƙi da cuta, shi ake kira furotin. Shi kuma an harhaɗa shi ne da ƙananan abubuwa iri 20, watau amino asid, kamar yadda muke haɗa kalma da baƙaƙe da wasula. Jiki yana iya yin 11 da kansa, amma 9 lalle sai daga abinci. In harafi ɗaya ya ɓace, kalmar ba ta rubutuwa. Dawa da gero da masara suna da ƙarancin wanda ake kira laisin. Wake kuwa yana da shi da yawa, amma ya gaza wajen wani mai suna metiyonin, wanda hatsi yake da shi. Ashe kakanninmu da suka haɗa garin dawa da wake suka yi ɗan wake, sun san abin da suke yi.

Mai lafiya yana bukatar wajen giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa kowace rana. Mai ciwo mai tsanani yakan bukaci 1.2 ko fiye. Baba kilo 60 ne, watau yana neman giram 72, mu kuwa muna ba shi ruwan gasara. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6. Kashi ɗaya cikin huɗu na gyaɗa furotin ne, waken suya kuwa ya fi kashi ɗaya cikin uku.

Akwai amino asid na kwalba da ake sa wa ta jijiya. Tun 1968 wani likita a Amurka, Stanley Dudrick, ya nuna za a iya rayar da mutum ta wannan hanya. Amma yana da tsada, kuma don wanda hanjinsa ba ya aiki ne. Muddin ciki yana karɓa, ta baki ya fi, ko ta robar hanci.

Da izinin likita muka sake dabara. Matata ta soya waken suya, ta niƙa da gero da gyaɗa mai kyau marar funfuna, ta riƙa dama kunu mai kauri da madara. Muka ƙara dafaffen ƙwai da alale, kaɗan kaɗan, sau shida a yini. Matan zumunta da suke zuwa gaisuwa da lemun kwalba, muka roƙe su su kawo ƙwai. Sannu a hankali ɗinkin ya haɗe. Damina ta gaba Baba ya fita gona, ko da yake aikinsa na sa ido ne.

Sai dai a kula, kowane allazi da nasa amanu. Wanda ya daɗe bai ci ba, in aka cika shi da abinci farat ɗaya yana iya mutuwa. Mai ciwon ƙoda kuma, yawan furotin yana iya cutarsa. Saboda haka a tambayi likita tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne, waken suyan nan a rumbunmu yake. Kowace shekara mukan loda shi a mota zuwa kasuwar Funtua, ba mu taɓa tunanin ajiye ko tiya biyu domin gida ba. 'Yan'uwa, in kuna da majiyyaci, kada ku tsaya ga tambayar wane magani aka ba shi. Ku tambaya kuma, yau me ya ci?