Ranar da Muka Je Gindin Dutsen Jebba

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko ya san Jebba, ko da ta taga ya gan ta. A nan jirgi yake rage gudu ya hau gadar ƙarfen da aka buɗe a 1916, sai ka ji ƙarar ƙafafunsa ta sauya, tarago ya yi tsit, wasu na leƙe, wasu sun runtse ido suna salati. In ka dubi inda ruwan yake gangarowa, za ka hangi wani ƙaton dutse tsaye a tsakiyar kogin Kwara. Turawa suka sa masa Dutsen Juju, Nufawa kuwa Ketsa suke ce masa tun kaka da kakanni. Yawancin matafiya hange kawai suke yi su wuce. Mu Allah ya nufe mu da zuwa gindinsa.

Mahaifina Bakano ne, ma'aikacin Reluwe, aiki ya kai shi Jebba a shekarun 1970. Mu mutanen tudu ne, babban ruwan da muka sani shi ne kududdufin unguwa. Saboda haka dokar farko a gidanmu ita ce kada ƙafar yaro ta taka bakin kogi, komai tsananin zafin garin, kuma zafin Jebba ba ya ɓoyuwa. Goggo ce ta karya dokar. Ta zo mana ziyara daga Kano, ta hango dutsen daga kan gada, ta sa wa Baba rigima. "Haba Yaya, yanzu haka zan koma gida a tambaye ni me na gani in ce kwatas ɗin Reluwe?" Inna ba ta so ba, amma da ta ga za a tafi da 'ya'yanta a bar ta, sai ta yafa gyale ta biyo mu.

Mai kwalekwalen wani tsoho ne Banufe, daga cikin Kede, mutanen da sufurin kogin yake hannunsu tun kafin zuwan Turawa. Jirginsa sassaƙen itace guda ne, an toshe tsagoginsa da tsumma da kwalta, an ɗame da faifan gwangwani. Kafin kowa ya shiga sai da ya tsaya ya ƙare mana kallo ɗaya bayan ɗaya, yana auna nauyinmu da ido. Shi ya zaunar da kowa: Baba a tsakiya, mata a bayansa, yara a ƙasan jirgi tsakanin ƙafafun manya. 'Ya'yan maƙwabcinmu biyu sun biyo mu da gudu suna son zuwa, ga wuri kuma muna gani, amma tsohon ya girgiza kai. Baba ya ce, "Baba, a yi haƙuri a sa su, zan ƙara maka kuɗi." Tsohon ya sunkuya ya ɗora hannu tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa, ya nuna taƙi guda. Ya ce, "Malam, daga nan zuwa nan na ruwa ne. Ba na sayar da shi." Yaran suka koma suna kuka. Ni aka miƙa wa ƙwarya, aka ce in riƙa kwarfe ruwan da ke tsattsafowa, na kuwa ɗauki aikin da gaske.

Lokacin hunturu ne. Ruwan ya yi garau, ba irin na damina mai launin kunu ba. Tsohon ya ce wannan baƙin ruwa ne, daga nesa ya fito. Sai da na girma na fahimci zancensa: ruwan saman da aka yi a tsaunukan Gini ne, ya bazu a fadamun Mali ya yi watanni yana ajiye lakarsa, sannan ya iso mana bayan daminarmu ta wuce.

Muka bi gefen gaɓa inda ƙarfin ruwa bai kai na tsakiya ba, tsohon na dogara gwangwala, ɗansa na jan filafili. Muka hangi hasumiyar tunawa da Mungo Park a kan tsibiri, Baturen da ya halaka a 1806 can sama, a duwatsun Bussa. Daga nan sai duwatsu suka fara fitowa. Na farkon shimfiɗaɗɗu ne, baƙaƙe, sumul, mata sun baza wanki a kai. Gaba kaɗan suka fara ɗaukar siffa. Wani ya tsage biyu ruwa na ratsa tsakaninsa da gurnani, wani ya hau kan ɗan'uwansa ya zauna a karkace, ka rantse yau zai faɗo. Tsohon ya matsa da mu jikin wani har na kai hannu na taɓa. Akwai ramuka zagayayyu a jikinsa kamar turmi, kowanne da 'yan tsakuwa a ciki, kuma tsakuwar ce ruwa ke juyawa shekara da shekaru har ta ci dutsen. Sama da kawunanmu ga layuka a jere, shaidar inda ambaliyar kowace shekara ta tsaya. Balbelu sun yi wa ƙoƙoluwan farin fenti da kashinsu, wani zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya bai ko dube mu ba.

Da muka tunkari Ketsa sai hira ta mutu. Daga gada dutse ne kawai, amma daga cikin kwalekwale sai ka ɗaga kai hula ta nemi faɗuwa. Bishiyoyi sun maƙale a tsagoginsa, inuwarsa ta rufe mu, sanyi ya sauko. Ruwan wurin juyawa yake yi, ya tafasa nan ya lotsa can. A duwatsun nan ne jirgin Dayspring na Dakta Baikie ya fashe a 1857, da Samuel Ajayi Crowther a ciki, suka yi zaman kusan shekara a bakin kogin kafin wani jirgi ya zo ya kwashe su. Ragowar ƙarafunansa suna ajiye a tashar Jebba, kullum muna wuce su. Baba ya shiga maimaita addu'ar Annabi Nuhu. Goggo mai baki ta yi gum.

Sai goshin jirgin ya fizga gefe, ruwa ya fantsamo mana. A daidai nan Inna ta damƙe wuyan hannuna, ta kira sunana. Ni ne ɗanta na fari. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, "kai" ne ko "wannan yaron", kuma ba ta taɓa jawo ni jikinta a gaban mutane ba, saboda alkunya. Ran nan ta faɗe shi da ƙarfi, a gaban mijinta da ƙanwar mijinta. Tsohon ya yi wa ɗansa magana ɗaya da Nufanci, suka karkata filafili tare, jirgin ya miƙe. Ba ta sake ni ba har muka fita inda ruwa ya kwanta, kuma babu wanda ya taɓa tayar da zancen a gidanmu.

Muka sauka a wani rairayi muka ci dambu da ƙuli-ƙuli. Akwai bukkokin Sarkawa masunta daga ƙasar Kabi, Baba ya ji Hausa ya saki jiki, suka gasa mana tarwaɗa suka ƙi karɓar ko kwabo. Goggo ta so a ƙara zama, tsohon ya dubi rana ya ce a tashi, shi la'asar ba ta riskarsa da yara a kan ruwa.

An buɗe madatsar wutar lantarki ta Jebba a 1985, tafki ya shanye gungu da duwatsu da yawa can sama, jiragen inji suka maye gurbin filafili. Ba na ƙin inji, ya rage wa mutane wahala ƙwarai. Abin da ke ci mini rai shi ne taƙin nan guda da tsohon ya ƙi sayarwa, yanzu sayar da shi ake yi. A Yunin 2023 mutum fiye da 100 suka halaka a wannan kogi a yankin Patigi, suna dawowa daga biki cikin dare. A Oktoban 2024 aka sake yi a kusa da Gbajibo, yawancinsu mata da yara mahalarta Mauludi.

Ketsa yana nan inda yake, kuma ya cancanci a kai yara su gan shi. In za ku je, ku tafi da safe, ku nemi rigar kariya ga kowane mutum, babba da yaro. In kun ga an loda jirgi har ruwa na lasar bakinsa, ku sauko da iyalinku ku jira na gaba.