Wa Ya Rubuta 25 a Allon Bakin Titi?

A ranar 7 ga Nuwamban 2014 ina tuƙa tasi a birnin New York. A ranar ne iyakar gudun mota a titunan birnin ta sauko daga mil 30 a awa zuwa mil 25, wato daga kimanin kilomita 48 zuwa 40. Da dare, a wani gidan abinci na 'yan Afirka ta Yamma da muke haɗuwa a Bronx, babu direba ɗaya da ya yi wa dokar fatan alheri. A ganinmu an taɓa mana abinci ne, domin mai cin abinci da sitiyari kowane minti kuɗi ne a wurinsa. Ni na fi kowa ɗaga murya a daren. Abin da ban tambayi kaina ba shi ne, wannan 30 ɗin da nake karewa, daga ina ta zo?

Shekaru da yawa, hanyar da injiniyoyin hanya suka fi bi a Amurka ita ce su auna gudun motocin da ke wucewa a titi lokacin da babu cunkoso. Sai su jera abin da suka samu daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma, su ɗauki gudun da direbobi 85 cikin 100 ba su wuce shi ba, su rubuta lamba mafi kusa da shi a allo. Hujjarsu ita ce yawancin direbobi masu hankali ne, kuma dokar da kowa ke karyawa ba ta da amfani. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai ma'aunin na waɗanda ke cikin mota ne kaɗai. Tsohuwar da ke jiran ta tsallaka da sandarta, da yaron da ke kan keke, ba a ƙidaya su.

Ma'aunin yana da wani aibi kuma: idan direbobi suka ƙara gudu, lambar ita ma sai ta hau. A jihar Kalifoniya, doka ta hana 'yan sanda amfani da na'urar auna gudu a tituna da dama matuƙar ba a sabunta irin wannan awon ba. Saboda haka birnin Los Angeles ya riƙa ɗaga iyakar gudu a titunansa domin kawai ya samu damar kama masu wuce ta. Sai a 2021 majalisar jihar ta sassauta dokar, kuma a shekarar da ta biyo birnin ya rage mil 5 daga iyakar gudun titunan da tsawonsu ya kai mil 177.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya fi ba ni mamaki: sau da yawa birni ba shi da cikakken iko a kan titunansa. Magajin garin New York na lokacin, Bill de Blasio, ya zo da shirin da ake kira Vision Zero, wanda aka aro daga ƙasar Suwidin, inda majalisa ta amince da shi a 1997. Tushen shirin shi ne ɗan Adam ba ya rasa kuskure, don haka a tsara hanya yadda kuskurensa ba zai zama ajalin wani ba. Amma kafin ya taɓa lambar nan, sai da ya je Albany, babban birnin jiha, ya nemi iznin majalisar dokoki. Unguwa takan kai kuka ga hukumar sufurin birni, birni kuma ya kai ga jiha.

Ra'ayina ya fara sauyawa ne da wani ɗan lissafi da na yi a bayan takarda ina jiran fasinja. Tafiyar mil ɗaya a gudun 30 minti biyu ce. A gudun 25, minti biyu da daƙiƙa 24. Asarar da na yi ta kururuwa a kanta ke nan, ita ma sai idan babu danja a gaba, alhali a New York ba ka yin nisa ba ka tarar da ita ba. A ɗaya ɓangaren, ƙarfin da mota ke bugun mutum da shi yana hauhawa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa. Mota mai gudun 30 tana ɗauke da ƙarfin da ya fi ninki biyu na mai gudun 20, kuma tana cin mita 13 a kowace daƙiƙa, tun ƙafar direba ba ta kai ga birki ba.

Abin da ya ƙarasa ni kuwa 'yata ce. Shekarar da ta fara zuwa makaranta ita kaɗai, sai na riƙa tsayawa daga nesa ina kallonta tana jiran tsallakawa, jakarta ta kusa fin ta girma. A nan na ga irin tuƙina daga waje. Direban da ya danno don ya riga danja bai yi niyyar cutar kowa ba; ni ne shi, shekara da shekaru.

A 2024 jihar ta sake ba birnin dama, da dokar da aka raɗa wa sunan Sammy, wani yaro ɗan shekara 12 da mota ta kashe a Brooklyn a 2013. Iyayensa sun yi fiye da shekara goma suna fafutuka kafin Gwamna Kathy Hochul ta sa wa dokar hannu. Yanzu birnin na iya sauko da gudu zuwa mil 20, bayan ya sanar da majalisar unguwar da abin ya shafa kwana 60 kafin sauyin. Amma an bar wata ƙofa a rufe: a wajen Manhattan, dokar ba ta shafi titunan da ke da layi uku ko fiye a hannu ɗaya ba. Waɗannan su ne faffaɗan hanyoyin da suka fi ba mu tsoro a unguwanni irin tamu.

A matsayina na tsohon direba, na san allo kaɗai ba ya riƙe ƙafar mutum. Titi mai faɗi, miƙaƙƙe, yana kiran gudu ko me aka rubuta. Abin da ya riƙa sa ni sassautawa shi ne layin da aka matse, da tudun da aka gina a tsakiyar hanya don masu tsallakawa, da kyamarar kusa da makaranta da ta taɓa aiko mini da tarar dala 50, wadda na biya ban ce uffan ba.

Yanzu idan aka kira taron majalisar unguwarmu kan wani titi, nakan je. Yawancin masu zuwa suna zuwa ne da damuwar wurin ajiye mota, kuma ba na ganin laifinsu. Ni dai nakan tashi in faɗi sunan mahaɗar da yaran layinmu ke tsallakawa da ƙarfe bakwai da rabi na safe, in roƙi a zo a auna ta a wannan lokacin, a ƙidaya har da masu tafiya a ƙasa.