Fijon Baba da gardamar ɗakinmu

Mu huɗu ne a ɗakinmu na kwanan ɗalibai, duk muna karatun injiniyanci, kuma babu wanda ya mallaki ko keke a cikinmu. Amma da zarar an ɗauke wuta da daddare sai mu ture littattafai mu hau gardamar motoci, ka rantse dillalai ne suka haɗu. Ƙannenmu na sakandare, mun san a cikinku akwai masu zana Marsandi a bayan littafin lissafi. Mu ma mun yi, mun kuma sha bulala a kai.

Gardamar da ta fi cin mana dare ita ce ta motar 'yan sanda. Ɗayanmu ba ya gajiya da nuna mana hotunan 'yan sandan Dubai da Lamborghini da Bugatti ɗinsu, wai a nan ake aiki. Wani ya ce wannan ado ne kawai don masu yawon buɗe ido, shi a wurinsa babu kamar Ford Crown Victoria, dirkekiyar motar nan da kuke gani tana jiniya a finafinan Amurka. An daina ƙera ta tun 2011, amma 'yan sandan can sun daɗe suna riƙe da ita, saboda tana jure wahala kuma gyaranta ba wuya. Na uku ya ce duk a kawo su hanyar ƙauyensu da damina, a ga wadda za ta kai Hilux. Shi kuwa na huɗu, ɗan Kakuri ta Kaduna, magana ɗaya gare shi kullum: a da Fijo 504 ce motar ɗan sanda, ita ce ta ma'aikacin gwamnati, ita ce ta direban tasha, kuma a unguwarsu ake haɗa ta. Mukan yi masa dariya, mu ce ya tsufa tun bai yi gemu ba.

A hutun da ya wuce ne ya kira mu, murya ba daɗi. Mahaifinsa, wanda ya yi aiki a masana'antar Fijo har ya yi ritaya, yana da 504 fara da ta shekara shida a ƙarƙashin darbejiya ba ta motsa ba. Kuɗin jarrabawar ƙanwarsa ta gama sakandare ya taso, ga kuɗin rajistarsa shi ma, 'yan gwangwan kuma sun zo sun taya. Su ba ruwansu da tarihi, nauyin ƙarfe suke saye, su yanka ta gunduwa-gunduwa. Baba ya ce in ta tashi zai sayar wa mai hawa, in ba ta tashi ba kuwa a kira su ranar Asabar.

Muka tafi Kaduna da ƙarfin gwiwa, har da littafinmu na darasin injuna. Kwana biyu muna kanta. Mun aro batir, mun sa fetur, mun goge fulogi, mota ta ce ba ta san zancen ba. Mu da muka haddace yadda injin mai zagaye huɗu yake zuƙa, ya matse, ya ƙone, ya fitar da hayaƙi, sai ga shi ba mu iya nuna inda aka daidaita kafireta ba. Baba yana zaune a tabarma yana kallonmu, bai ce uffan ba sai da muka gaji. Sannan ya ce, "Samari, ku zo ku sha ruwa. Ita mota ba a yi mata gaggawa."

A wannan zaman muka ji abin da ba mu ji a aji ba. A 1968 aka fito da 504 a Faransa, ta zama gwarzuwar motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara haɗa Fijo a Kaduna. Ƙarfinta a ƙasa yake: tayoyin baya ke tura ta, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, shokazobarta kuma tana haɗiye ramuka. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Akwai Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, manyan motocin Marsandi a Inugu, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Mu da muka taso muka tarar mota ko dai 'yar Kwatano ce ko Beljiyam, sai muka ji kamar labarin wata ƙasa ake ba mu.

Muka tambaye shi me ya faru. Ya ce yawancin muhimman sassan daga waje ake kawo su a akwatuna, a nan a ɗaure. Da darajar naira ta faɗi bayan tsarin SAP na 1986, sai kayan suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, na-hannu suka cika kasuwa. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda aka sa ran za ta ba da ƙarfen, har yau ba a kammala ta ba. Ɗan Dubai ɗinmu ya ce ai yanzu akwai Innoson a Nnewi, kuma an dawo da haɗa Fijo a Kaduna. Baba ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla. Amma ku tambaya, fistin ɗin wa ya zuba shi?" Mu dai a ganinmu tambayar nan ta fi duk gardamar da muka yi shekara biyu muna yi.

Rana ta uku ya aika aka kira wani tsohon bakanike abokinsa, wanda bai taɓa shiga aji ba. Ya cire tiyon fetur ya busa, ya kwance kafireta ya wanke ta a cikin kwano, ya kankare wani ɗan ƙarfe a cikin distiributa da takardar yashi. Ya ce ɗayanmu ya murza makulli, shi kuma ya karkata kunne. Ta yi tari sau biyu, ta fesa baƙin hayaƙi, ta kama. Yaran layin suka ɗauki ihu. Mu ma mun yi, ba mu ji kunya ba.

Ba za mu yi muku ƙarya ba, tsohuwar mota tana da nata laifin. Tana shan mai, ba ta da jakar iskan nan da ke kare direba in an yi karo, kuma motar zamani mai kwamfuta ta fi ta tsabtar hayaƙi. Har yanzu ba mu daidaita a kan wannan ba. Abin da muka yarda da shi mu huɗu shi ne, wannan hutun mai zuwa a garejin tsohon nan za mu yi shi, ya kuma amince, da sharaɗin mu fara daga wankin sifana.

Wani direba mai kai kaya kasuwannin ƙauye ne ya saye ta, kuɗin ya ɗan ɗara na 'yan gwangwan, an biya wa yarinya jarrabawa. Kafin a ja ta, Baba ya nemi sukundireba, ya kwance ɗan zakin da ke gabanta ya jefa a aljihu. Direban ya gani, ya kau da kai.