Kansar hanji ga tsofaffinmu: a bar cewa "tsufa ne"



Mu nan Arewa, in tsoho ya fara rama, ya daina cin tuwo, yana kukan ciki, amsarmu guda ce: "Ai tsufa ne." In ya ga jini a bayan gida, wannan kuma ɗankanoma ne, sai a nemo mai saiwa ranar kasuwa. Wata shida, shekara guda, ana jiƙa ana sha. Ba za a nemi mota ba sai ranar da cikin ya toshe, ba kashi ba tusa, ga amai. A irin wannan hali ne likitocin fiɗa suka fi haɗuwa da tsofaffinmu, kuma shi ne lokaci mafi muni na yi wa mutum aiki.

Kansar babban hanji ciwon manya ce. Yawancin masu ita sun wuce shekara 50. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta ta uku cikin kansar da ta fi yawa, ta biyu wajen kisa. Amma ba mai gaggawa ba ce. Tana farawa da ɗan tsiro cikin hanji, wanda kan yi shekaru kafin ya rikiɗe. Shi ya sa a Faransa ake kiran duk mai shekara 50 zuwa 74 ya yi awon kashi duk shekara biyu, ko ba ya jin komi. A Amurka, cikin mutum goma da aka gano tasu tun ba ta fita daga hanji ba, kusan tara na nan da rai bayan shekara biyar. In ta riga ta kai hanta ko huhu, ko biyu ba su cika ba. Ciwo ɗaya ne, lokacin zuwa ne ya bambanta.

To amma ko an gano, akwai wani shingen, kuma mu ne ke gina shi. Lokacin da aka ce za a yanke wa kawunmu wani yanki na hanji, yana da shekara saba'in da ɗoriya, gida ya rabu biyu. Wasu suka ce: "Haba, tsoho kamar wanga a sa mai wuƙa? A bar shi ya cika a ɗakinshi." Ana ta shawara a zaure, shi kuwa yana ciki, ba wanda ya tambaye shi. Da ƙanwarsa ta shiga ta ce, "Yaya, kai mi ka gani?" sai ya ce shi dai yana son ya ga damina, a kai shi. Lokotoron ma bai tsaya kan shekarunsa ba. Abin da ya tambaya shi ne ko yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ko yana wanka da kansa, ko yana da hawan jini ko ciwon suga, kilo nawa ya rasa. Aka ƙara masa jini, aka ba shi lokaci ya ɗan murmure, sannan aka yi aikin. Damina huɗu ke nan yana zuwa gona, ko da dai yanzu nuni yake yi da sanda.

Ba mu ce kowa haka zai samu ba. Aikin ciki ga tsoho yana da haɗari fiye da na yaro, kuma akwai wanda jikinsa ba zai ɗauka ba. Wannan a ba shi maganin rage zafi, shi ma haƙƙinsa ne. Amma ƙarfin jiki ake dubawa, ba takardar haihuwa ba (wadda ma yawancin tsofaffinmu "wajejen shekara kaza" aka rubuta musu). Ronald Reagan yana shugaban Amurka aka cire masa wani yanki na babban hanji a 1985, yana da shekara 74, ya rayu har 2004. Ko maganin da ke biyo bayan aiki, wanda ake ce wa shimiyo, ana auna shi da jikin mutum: wanda ya haura 70 sau da yawa ana sauƙaƙa masa, wani lokaci ƙwayoyi kaɗai zai sha.

Maganar kuɗi kuwa, kada mu yaudari juna. Awon da ke tabbatar da ciwon, inda ake zura siririn tiyo mai kyamara a leƙa hanji, ba na ƙaramin likitan gari ba ne. Daga wurin majo za a tura ka gaba, Doso, galibi har Yamai, inda Cibiyar Yaƙi da Kansa ta ƙasa take. Can ne aka buɗe sashen gashi da na'ura a 2021, wanda ya fi amfanar masu kansar dubura. Tsarin magani kyauta da muka sani na kansar mata ne, nono da mahaifa. Ta hanji ba ta ciki. Ga kuɗin mota, ga mai jinya, ga masauki. Rago zai tafi, wataƙila har saniya. Sai dai mun lura, gidan da ke cewa babu kuɗin awo shi ne zai sayar da saniyar nan a dare ɗaya in ciki ya toshe, a kan aikin da nasararsa ta ragu.

Abu na ƙarshe da ke sa tsofaffi ƙin aiki shi ne jakar da ake maƙala wa ciki don bayan gida. Tsoronsu salla. Ba kowa ake yi wa ba, wasu kuma na ƴan watanni ne a mayar da hanjin. Wanda ta zame wa dole, malamai sun sa shi cikin masu uzuri, kamar mai yoyon fitsari: sallarsa na nan. Gara a kira limamin unguwa ya gaya masa haka da bakinsa, don daga bakin ƴaƴansa ba zai yarda ba.