Serra da Capivara: Dajin Da Birai Ke Aiki Da Guduma

Yau tafiyarmu mai nisa ce, 'yan makaranta. Za mu haye tekun Atlantika zuwa arewa maso gabashin ƙasar Barazil, jihar Piauí. Daga Teresina, babban birnin jihar, sai mota ta yi gudun fiye da kilomita 500 kudu kafin ta isa garin São Raimundo Nonato. A gefensa gandun dajin Serra da Capivara yake.

Duk wanda ya ji an ce Barazil sai ya tuna da kurmin Amazon da ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Nan ba haka ba ne. Ƙasa ce busasshiya mai ƙayoyi da jajayen duwatsu, itatuwa suna zubar da ganye da rani, ana kiran irin wannan daji "caatinga". An kafa gandun a 1979, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1991, saboda dubban zane-zanen da mutanen dā suka bari a jikin duwatsu: farauta, rawa, barewa da sauran namun daji.

Amma kafin baƙo ya kai ga zanen, yana iya jin ƙara daga cikin kwazazzabo, ƙwas, ƙwas, kamar ana fasa ƙwarar goriba. Biri ne. Ƙaramin biri mai gemu da ake kira kapucin, wanda bai wuce girman ƙatuwar kyanwa ba. Sunan ya samo asali ne daga wasu malaman Kirista na Turai masu sa riga ruwan ƙasa mai hula, domin gashin kan birin ya yi kama da hular tasu.

Ga yadda yake yi. Zai ɗora ƙwallon yazawa a kan faffaɗan dutse ko saiwar itace, ya ɗauki wani dutsen, ya doka har ɓawon ya fashe. Yazawar da muke ci a nan ma asalinta daga wannan yankin ne, Turawan Fotugal suka yaɗa ta zuwa Afirka da Indiya. Wanda ya taɓa gasa ƙwallon ya san man ɓawonsa yana ƙona fata, don haka aikin yana son dabara. Ɗan biri kan yi shekaru yana kallon manya, yana gwadawa yana kuskure, kafin ya ƙware. Suna kuma haƙa ƙasa da dutse don neman saiwa, suna zura tsinke cikin tsagar dutse su koro ƙadangare. Abin dariya, an ga mata daga cikinsu suna jifan namijin da suke so da tsakuwa don ya kula su.

A 2019 masu binciken kayan tarihi suka bayyana sakamakon haƙa da suka yi a wani wurin da biran ke fasa yazawa. Sun tarar da gudumomin dutse a binne, hawa-hawa, mafi daɗewa sun kai kimanin shekara 3,000.

To, a nan labarin biri ya shiga cikin na mutum. A cikin wannan gandu akwai wani wuri da ake kira Pedra Furada, inda masaniya Niède Guidon ta fara haƙa tun shekarun 1970. Ta samu gawayi da tsinkakkun duwatsu masu kaifi, ta ce mutane sun zauna a wurin tun shekara 30,000, daga baya ma ta kai lissafin kusa da 50,000. Maganar ta tayar da ƙura, domin a lokacin yawancin masana sun yi imanin mutane sun shiga nahiyar Amurka ne daga Saiberiya kimanin shekara 13,000 da suka wuce.

Sai ga shi a 2016 an wallafa wani bincike a mujallar Nature. An ɗauki hoton biran gandun suna buga dutse a kan dutse, suna lasar ƙurar da ta fito. Ɓarɓashin da ke faɗuwa yana da kaifi, kuma ya yi kama ƙwarai da wasu kayan aikin mutanen farko. Birin ba ya yanka komai da shi, yana barinsa a nan ya tafi abinsa. Nan take wasu masana suka ce biri ya yi kama da mutum: wataƙila tsofaffin duwatsun Pedra Furada aikin birai ne. Magoya bayan Guidon suka ƙi yarda, suka ce akwai salon sassaƙa da biri bai iya ba. Ta rasu a 2025 gardamar ba ta ƙare ba.

Ni dai a ganina birin bai rage wa wurin daraja ba, zane-zanen jikin dutse babu mai shakkar hannun mutum ne. Sai dai ya ƙara wa masu haƙa wahala. Yanzu duk wanda ya tono dutse mai kaifi a Piauí, dole ya fara nuna hujjar cewa ba biri ne ya fasa shi ba, kafin ya rubuta cewa mutum ya taɓa zama a wurin.