Ruwan da Ke Ɓacewa Tsakanin Matata da Famfo

Ina aji huɗu na firamare famfon tsakar gidanmu ya daina kawo ruwa. A hankali ya ɗauke. Da farko yakan zo da asuba, mahaifiyata ta tashe mu mu jera bokitai; daga baya ya koma sau biyu a mako, har ya zamana in an murɗa shi sai dai ya yi huci. Ƙarshenta muka mayar da shi maɗaurin igiyar shanya. Tun daga lokacin 'yan ga-ruwa ke shayar da gidan, jarka-jarka, kuma ban taɓa ganin mahaifina ya zauna lissafin abin da ya kashe ba, ina jin don kada ransa ya ɓaci.

Da na fara aikin jarida, duk sa'ad da aka tura ni labarin ruwa, amsa ɗaya nake dawowa da ita: babu kuɗi, babu wuta, injina sun tsufa. Gaskiya ce, kuma na rubuta ta fiye da a ƙirga. Abin da ya ƙara mini wani tunani shi ne hira da wani dattijo da ya yi ritaya daga gyaran bututu a hukumar ruwan garinmu. Na tambaye shi ko akwai taswirar bututun unguwarmu. Ya yi dariya, ya nuna kansa, ya ce, "Ɗana, ga taswirar nan. Ranar da aka kai ni makwanci, da ita za a tafi." Ya ba ni labarin yadda sukan fita da tsakar dare riƙe da sandar ƙarfe, su kafa ta a kan bututu, su kara kunne su ji inda ruwa ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa. Babu wanda ya gaje shi.

Masu wannan sana'a suna da suna ga abin da yake farauta: ruwan da ba ya kawo kuɗi. Shi ne giɓin da ke tsakanin abin da matata ta turo da abin da aka rubuta wa jama'a su biya. A cikinsa akwai yoyo, akwai jona ta ɓarauniyar hanya, akwai mitar da ta mutu, akwai kuma gidan babban mutum da ba a kai masa takardar kuɗi. Hukumar da ke asarar rabin ruwanta, ko an gina mata sabuwar matata, rabin sabon ruwan ma ta nan zai zurare. Toshe wannan giɓi aikin hannu ne na kullum, irin wanda ake koya a gefen wanda ya iya.

A kan wannan fahimta aka kafa tsarin da hukumar ruwa ke koya wa 'yar uwarta aiki. A 2006 kwamitin da ke ba Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya shawara kan ruwa, ƙarƙashin tsohon Firaministan Japan Ryutaro Hashimoto, ya kawo shawarar, bisa hujjar cewa mafi rinjayen hukumomin ruwa na duniya na gwamnati ne, kuma a cikinsu akwai gwanaye. A 2009 aka kafa ƙawancen GWOPA a ƙarƙashin UN-Habitat don haɗa su. Sharaɗin shi ne ba don riba ba: mai koyarwa ba ya karɓe ragamar hukumar, ma'aikatansa yake turowa su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da takwarorinsu.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, domin su ma taswirarsu ta taɓa tafiya kabari. Mulkin Khmer Rouge na 1975 zuwa 1979 ya hallaka ƙwararru, takardun hukumar kuma suka salwanta. A 1993, lokacin da Ek Sonn Chan ya karɓi shugabancinta, kashi 72 cikin 100 na ruwan ba ya kawo ko sisi, kuma awa goma kacal yake zuwa a rana. Ya fara da ƙidayar gidaje da sanya mita, ya kuma nace sai manya da sojoji sun biya kamar kowa. Kuɗin sauya bututu ya zo daga Japan da Faransa da manyan bankunan raya ƙasa. Daga 1999 kuma hukumar ruwan birnin Kitakyushu na Japan ta fara turo injiniyoyinta. Abin da suka koyar ba shi da wani armashi a ido: a raba gari shiyya-shiyya, a auna ruwan da ke shiga kowace, a duba awon da tsakar dare lokacin da mutane ke barci. Shiyyar da ke shan ruwa da yawa a wannan lokaci, can yoyon yake. Aikin dattijon nan ne da sandarsa, sai dai an rubuta shi, an koya wa matasa. Kafin 2010 asarar ta sauko ƙasa da kashi 10, ruwa na zuwa dare da rana, kuma ɗaliban jiya suka koma horar da hukumomin ruwa na lardunan ƙasarsu.

Ba sai an je Asiya ba. Hukumar ruwa ta Yuganda, NWSC, tana fama da bashi a 1998 lokacin da William Muhairwe ya hau kujerarta. Ya ɓullo da shirin kwana 100, aka gindaya wa kowane reshe abin da zai cim ma, da lada ga wanda ya cika. Yau hukumar tana da sashe na musamman da ke koyar da takwarorinta a Afirka. Wannan ya fi kusa da mu. Injiniyan Kampala ya san ɗaukewar wuta, ya san ma'aikatar gwamnati da ke ƙin biyan kuɗin ruwa; in ya ce abu zai yiwu, ba za a ce masa ai ƙasarku daban ba.

Sai dai akwai abin da ba na so mu rufe ido a kansa. Ek Sonn Chan ya shekara 19 a kujerarsa, Muhairwe ya shekara 13. A wurinmu sau da yawa shugaban hukuma tare da gwamnan da ya naɗa shi yake sauka, wanda ya gaje shi kuma ya fara daga tushe. Ƙwarewar baƙo ita kaɗai ma ba ta wadatarwa: a 2006 Ghana ta damƙa tafiyar da ruwan biranenta ga haɗin gwiwar Vitens na Holan da Rand Water na Afirka ta Kudu, dukansu mallakar hukuma a ƙasashensu, amma da wa'adin ya cika a 2011 ba ta sabunta ba. Wancan kwangilar gudanarwa ce, inda baƙo ke riƙe da linzami, kuma ina ganin bambancin yana da nauyi. Nijar ma tana kan wannan gaɓa: daga farkon 2024 kamfanin gwamnati, NDE, ya gaji SEEN, wanda Veolia ta Faransa ke da rinjayen hannun jari a ciki tun 2001. Maƙwabciyarta Burkina Faso tana da ONEA, hukumar gwamnati da ta yi suna wajen iya aiki, ga harshen aiki ɗaya, ga yanayi iri ɗaya.

Babban tsorona shi ne mu mayar da abin yawon buɗe ido. Na san yadda jerin sunayen masu tafiya ke kasancewa idan akwai alawus a ciki: darakta, mataimakinsa, da wani daga ofishin kwamishina. Mai karanta mita da mai ɗinke bututu, waɗanda darasin ya shafa, su ne masu rakiya zuwa bakin mota. Gyaran yoyo kuma ba shi da ƙyallen da za a yanka a gaban kyamara, shi ya sa ɗan siyasa ya fi son sabuwar burtsatse, mu 'yan jarida ma mun fi saurin zuwa can.

A ƙaramar sallar da ta wuce na koma gaishe da dattijon, na tafi da takarda da biro. Muka zauna a zaure ya zana mini layin bututun unguwarmu daga babban titi har lungunmu, da wurin da makunnin ruwan yake, wanda ya ce tuni wani ya gina shago a kansa. Takardar tana cikin jakata, ina neman wanda zan miƙa wa.