Aringizon Sauraro: Abin Lura ga Manazarcin Waƙar Hausa

A 'yan shekarun nan wata jimla ta samu gindin zama a cikin kundayen digiri da maƙalun da ake gabatarwa a kan waƙoƙin Hausa na zamani. Idan ɗalibi yana son kafa hujjar cewa wata waƙa ta karɓu, sai ya ce an saurare ta sau miliyan kaza a YouTube ko Audiomack ko Spotify, ya wuce. Mai duba aikin ma ba kasafai yake tsayawa a kan adadin ba, domin lamba tana da kwarjinin da ke hana a yi mata tambaya. Tun da na kammala digiri na biyu nake bibiyar hanyoyin da waƙar Hausa ke bi ta isa kunnen jama'a, kuma wannan bibiya ce ta kai ni ga nazarin zambar da ake tafkawa a dandalan sauraren waƙa na intanet. Matsayin da na cimma shi ne, adadin sauraro da'awa ce kawai, kuma kowace da'awa tana buƙatar shaida kafin manazarci ya jingina da ita.

Ba za a fahimci zambar ba sai an fahimci yadda ake biyan mawaƙi. A Spotify, da zarar waƙa ta yi daƙiƙa 30 tana kaɗawa, an ƙirga ta a matsayin sauraro ɗaya. Amma babu wani tsayayyen farashi da aka yanka wa sauraro guda. Kuɗin da masu rajista suka biya da na tallace-tallace ake tarawa wuri ɗaya a kowace ƙasa, kamfani ya cire rabonsa, ragowar kuma a kasafta ta tsakanin masu haƙƙin waƙoƙi gwargwadon kason da kowa ya samu daga jimillar sauraron watan. Kowa dai daga akushi ɗaya yake ci. Bari in yi misali da lissafi mai sauƙi. A ce kuɗin rabo naira miliyan 100 ne, sauraron gaskiya kuma miliyan 100, kowane sauraro ya tashi a naira ɗaya ke nan. Idan wani ya cusa sauraron bogi miliyan 10, darajar kowane sauraro za ta sauka zuwa kusan kwabo 91, shi kuma ya kwashi sama da naira miliyan 9. Wannan kuɗi daga rabon sauran mawaƙa aka zabge shi, kowanne an ɗan tauye masa mudu ta yadda ba zai ji a jikinsa ba, balle ya kai ƙara.

Na zaɓi kiran wannan aiki aringizon sauraro, domin ya yi kama da aringizon ƙuri'u da muka sani a lokacin zaɓe: ana ƙirga muryar wanda bai zo ba, ko wanda ma babu shi a duniya. Masu yin sa kan buɗe dubban asusun sauraro da sunayen ƙarya, ko su saci na mutanen gaske, su ɗora manhajar da ke kwaikwayon ɗan'adam ta riƙa kunna waƙa dare da rana. Wasu kuma ɗaki suke cikawa da wayoyi a jere, kowace tana kaɗa waƙar da aka biya kuɗi a kaɗa. Manufarsu iri biyu ce. Ta farko kwasar kuɗin rabo kai tsaye. Ta biyu ta fi kama da abin da ake yi a wasu tashoshin mota, inda ake zaunar da mutanen da ba tafiya za su yi ba domin fasinja ya ga mota ta kusa cika ya shigo. Waƙar da adadinta ya kumbura takan hau jerin waƙoƙin da ke tashe, manhajar kanta ta fara tallata ta ga masu sauraren gaske, daga nan kuma a fara gayyatar mawaƙin wasa ko a ƙulla yarjejeniya da shi.

Tun da wuri aka gano cewa tsarin yana da ɓaraka. A shekarar 2014 wata ƙungiyar makaɗa ta Amurka mai suna Vulfpeck ta saki kundi mai suna Sleepify, wanda ya ƙunshi waƙoƙi goma da babu ko sauti ɗaya a cikinsu, kowace tana ɗan wuce daƙiƙa 30. Suka roƙi masoyansu su bar shi yana kaɗawa idan za su kwanta barci. Kafin Spotify ya sauke kundin sun samu kimanin dala 20,000, waɗanda suka yi amfani da su wajen shirya wasanni kyauta. A fili suka yi abinsu, kusan da sigar barkwanci, amma sun nuna wa duniya cewa na'urar ƙidaya ba ta bambance kunnen da ke saurare da wayar da aka ajiye a gefen matashi. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Waɗanda suka biyo baya ba da wasa suka zo ba. A watan Janairun 2023 Cibiyar Kiɗa ta Ƙasa ta Faransa ta fitar da sakamakon binciken da ta yi da bayanan wasu manyan dandali, inda ta ce tsakanin sauraro biliyan 1 zuwa biliyan 3 da aka ƙirga a ƙasar a shekarar 2021 na bogi ne, wato kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari. Wannan kuwa wanda aka iya ganowa ne kawai. A watan Maris na 2024 wata kotu a birnin Aarhus na ƙasar Denmak ta samu wani mutum da laifin zamba ta hanyar kumbura sauraron ɗaruruwan waƙoƙin da ya yi wa rajista da sunansa, waɗanda wasunsu ma na wasu mawaƙa ne ya ɗan sauya musu tsawo da sauri. Sai kuma shari'ar da ta fi jan hankali, wadda masu gabatar da ƙara na gwamnatin tarayyar Amurka suka shigar a birnin New York a watan Satumban 2024 a kan wani mawaƙi mai suna Michael Smith, mazaunin jihar North Carolina. Takardar tuhumar ta ce ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen samar da dubban ɗaruruwan waƙoƙi, ya sa manhajoji suka kaɗa su sau biliyoyi, ya kuma karɓi sama da dala miliyan 10 tsakanin 2017 da 2024. An ce a wani lokaci shi da kansa ya ƙiyasta cewa yana iya samar da sauraro 661,440 a kowace rana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan shari'a shi ne dabarar da aka bayyana. Da a kan waƙa ɗaya aka tara sauraro biliyan guda, da nan take an farga. Sai aka watsa shi a kan waƙoƙi masu ɗimbin yawa, kowace ta samu ɗan kaɗan wanda bai isa ya ja hankali ba. A da ƙarancin waƙoƙi ne ke taka wa mai wannan dabara birki, domin tsara waƙa yana cin lokaci. Yanzu na'ura ta kawar da wannan shinge. Kamfanin Deezer na Faransa ya bayyana a watan Janairun 2025 cewa ana ɗora masa waƙoƙi kusan 10,000 a kullum waɗanda na'ura ce ta yi su ɗungurungum, zuwa watan Afrilu adadin ya haura 20,000. A shekarar 2025 ɗin kuma ya ce sauraron bogi yana iya kaiwa kashi 70 cikin ɗari na sauraron da irin waɗannan waƙoƙi ke samu. Na'ura ta rera, na'ura ta saurara, mutum ya karɓi kuɗi.

Dandalan ba su naɗe hannu ba. Suna bibiyar ɗabi'ar kowane asusu: wanda ke kaɗa waƙa awa 24 ba hutawa, wanda kullum yake tsallakewa da zarar daƙiƙa 30 ta cika, ɗaruruwan asusun da ke fitowa daga na'ura ɗaya, ko waƙar da ta samu sauraro mai yawa daga 'yan tsirarun mutane ba tare da wani ya adana ta ko ya nemi wata waƙar mawaƙin ba. A shekarar 2023 wasu dandali da kamfanonin dillancin waƙa suka kafa ƙawancen Music Fights Fraud domin musayar bayanai, saboda wanda aka kora daga wannan ƙofa kada ya shiga ta waccan. A shekarar ce kuma Deezer da Universal Music Group suka sanar da sabon tsarin rabo wanda ya ƙayyade yawan sauraron da za a ƙirga wa mutum ɗaya a wata. Daga 2024 Spotify ya fara cin tarar kamfanoni da dillalan da aka samu aringizo ƙarara a waƙoƙin da suka ɗora, ya kuma sa sharaɗin cewa waƙa ba za ta shiga rabon kuɗi ba sai ta samu sauraro 1,000 a cikin watanni 12 da suka gabata. A watan Satumban 2025 kamfanin ya ce ya share tarkacen waƙoƙi sama da miliyan 75 a cikin shekara guda.

Duk waɗannan matakai suna da dalilinsu, amma a nan ne damuwata ta fi yawa a matsayina na mai nazarin waƙar Hausa. Spotify bai shigo Nijeriya da Gana ba sai a watan Fabrairun 2021, kuma har yanzu kaso mai yawa na sauraron waƙar Hausa ba ya bi ta inda ake ƙirgawa. Yana bi ne ta hannun masu tura waƙoƙi a katin waya a kasuwa, da turawa daga waya zuwa waya, da gidajen rediyo, da lasifikar biki. Waƙa tana iya cika gari, ana jin ta a teburin mai shayi da cikin a-daidaita-sahu daga Kano har Maraɗi, amma adadinta a dandali ya kasance ɗan mitsitsi. Sharaɗin sauraro 1,000 an yi shi ne domin toshe kafar masu watsa zamba a kan tarin waƙoƙi, kuma kamfanin ya ce 'yan kuɗin da ke ƙasa da wannan mataki sau da yawa ba sa ma isa hannun mawaƙi. Duk da haka, waƙar noma ko ta farauta ko ta wata sana'a da wani ya yi ɗawainiyar ɗauka ya ɗora tana iya shekara ba ta kai wannan adadi ba, ɗan rabonta kuma ya koma akushin waɗanda dama suka fi kowa samu. Tarun da aka kafa wa ɓarawo ya haɗa da mai ƙaramin ƙarfi.

Akwai kuma matashin mawaƙin da ya biya wani mai da'awar tallata waƙa a intanet, bai san da manhajar bogi za a yi masa aikin ba. Idan aka gano, waƙarsa ce ake saukewa, dillalinsa ne ake ci tara, wanda ya karɓi kuɗin kuwa ya sauya suna ya nemi wani. Garin neman gira an rasa ido. Ga kuma sojan gona, wanda shi ma dangin wannan zamba ne: ɗora waƙar wani da sunan wanda bai yi ta ba, ko karɓar kuɗinta ba da izinin mai ita ba. Duk wanda ya nemi waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, zai tarar da su a shafuka barkatai. Tambayar da ta kamata mu riƙa yi ita ce, wa ya ɗora, da izinin wa, kuma ina ladan yake zuwa? A tsohon tsarinmu kyautar makaɗi a bainar jama'a ake yin ta. Ubangida ya ba da riga ko doki, sanƙira ya shelanta, kowa ya shaida wanda ya bayar da wanda ya karɓa. A sabon tsari mai bayarwa da mai karɓa duka suna bayan labule, kamfani ne kaɗai ke riƙe da littafin lissafi.

Wannan ya dawo da mu kan aikinmu. Ba ina kira a yi watsi da alƙaluman dandali ba ne, domin suna da amfani idan an san iyakarsu. Abin da nake gani shi ne, duk wanda zai kawo adadi a cikin bincike ya faɗi dandalin da ya ɗauko shi da ranar da ya duba, domin adadi yana hawa, yana kuma sauka idan aka share na bogi. Ya bambance tsakanin yawan sauraro da yawan masu sauraro, ya lura ko shafin na mawaƙin ne ko na wani. Sannan ya auna abin da ya gani da shaidun da fanninmu ya daɗe yana aiki da su: waƙoƙin da ake yawan nema a shirye-shiryen zaɓe na rediyo, abin da masu tura waƙa a kasuwa suka ce ana tambaya, waƙar da ake sakawa a kamu da sauran shagulgulan biki, da kalmar da ta fita daga waƙa ta shiga bakin jama'a har ta zama sara. Wannan shaida ta ƙarshe tana da wuyar saye, domin babu manhajar da za ta sa 'yan mata a makaranta ko matasa a majalisa su ari kalmar mawaƙi su mayar da ita tasu.

Akwai wani nauyi kuma da ya rataya a wuyan sassan Hausa da cibiyoyin bincikenmu. Tantance wanda ya yi waƙa, da lokacin da aka ɗauke ta, da sunayen 'yan amshi da makaɗan da suka yi aikin, aiki ne da malamanmu suka shafe shekaru suna yi, yawancinsa kuma yana kwance a kundaye da kaset-kaset. Idan aka tattara waɗannan bayanai a rumbun da kowa zai iya dubawa a intanet, magadan mawaƙi za su samu abin kafa hujja idan wani ya yi musu sojan gona, ɗalibi kuma zai samu ma'aunin da zai gwada abin da dandali ya nuna masa. Kamfanonin da ke Stockholm da Faris za su ci gaba da kyautata na'urorinsu na kama aringizo, 'yan zamba su ma za su ci gaba da sauya salo. Amma sanin wace waƙa ce ta Shata, wace ce aka jingina masa, da wace waƙa ce ta shiga zukatan Hausawa a wace shekara, wannan ba aikin da za mu jira su yi mana ba ne.